Katsinar Dauri da Ingilar Zamaninta

Wanda duk ya taɓa tsayawa a Magamar Jibiya ya ga yadda a ke tsai da motoci a bakin iyaka, a duba takardu, a duba kaya, sa'an nan a ɗaga ƙarfe a ce su wuce. In ya juya gabas, Birnin Katsina na nan kamar mil 30. In kuwa ya miƙa arewa ya wuce Ɗan Isa, tafiya kamar wannan za ta kai shi Maraɗi. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne, ko wace hanya ya bi cikin biyun nan, Sarkin Katsina zai tarar a ƙarshenta. Na Nijeriya yana zaune gidan Korau, na Nijar kuwa shi a ke kira Sarkin Katsinan Maraɗi. Ƙasar da can guda ce, tun daga Tasawa a arewa har Katsina Laka a kudu, Maraɗi kuwa gari ne cikin garuruwanta.

Nufina in ba ku labarin yadda mutanen ƙasar nan suka yi zamansu tsakanin shekarar 1500 da 1800, in riƙa gwada shi da zaman mutanen Ingila na wannan lokaci. Dalilina kuwa, na sha haɗuwa da mai ilmin boko wanda zai lissafa maka matan Sarki Henry na Takwas su shida bai yi tuntuɓe ba, amma in ka tambaye shi sunan sarki uku na Haɓen Katsina sai ya soma susar ƙeya. Ban ga laifinsa ba ƙwarai, abin da aka karantar da shi ke nan.

Muhammadu Korau ya ci sarauta cikin ƙarni na 15, shi ne Musulmi na farko da ya hau gadon Katsina. Tsofaffi sun ce daga 'Yandoto ya fito, ya ka da Sanau, sarkin ƙarshe na Durɓawa, a wajen kokawa, ya yanka shi. Kusheyin Durɓawan nan suna nan har yanzu a Durɓi ta Kusheyi, wajen Mani. Magajinsa Ibrahim Sura ya shahara har labarinsa ya kai Masar, Shaihu Jalaluddini Suyuɗi ya aiko masa da wasiƙa ta nasiha daga Alƙahira. Wajen 1493 Shaihu Magili ya sauka Kano da Katsina. Bayansa wani malami daga ƙasar yamma, wanda Katsinawa ke kira Ɗan Takum, ya biyo nan a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka, sarki ya riƙe shi ya naɗa shi alƙali, ya rasu a nan wajen 1529. Ku lura, shekara biyar bayan wannan, watau 1534, Sarki Henry ya raba gari da Paparoma, ya mai da kansa shugaban addinin ƙasarsa. Ashe lokacin da Katsinawa ke ƙoƙarin daidaita sarauta da addini, Ingilishi ma abin da ke gabansu ke nan, sai dai nasu ya fi zafi. Fiye da shekara ɗari suka yi suna ƙona juna da rataye juna a kan yadda za a bauta wa Allah.

Akwai kuma hanyar da sunan Katsina ya shiga kunnen mutanen Landan tun ba su san inda ta ke ba. Wani Balarabe mutumin Fas, Hasanul Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, 'yan fashin teku suka kama shi suka kai wa Paparoma. A can Rum ya rubuta littafin ƙasashen Afirka, ya gama cikin 1526, aka buga shi a Benis 1550, aka juya shi da Ingilishi aka buga a Landan 1600, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko. Bai yabi Katsina ba ko kaɗan. Ya ce ƙananan ƙauyuka ne da bukkoki marasa kyau. Masana da dama na ganin ji ya yi a bakin fatake, bai taka ƙasar ba. Ko ma yaya ne, kafin littafin ya isa hannun Ingilishi labarin ya tsufa, gama Katsina ta riga ta zama birni mai ganuwa. Cikin wannan shekara ta 1600 ɗin kuma jakadan Sarkin Maroko, Ahmadul Mansur, ya sauka Landan ya gana da Sarauniya. Wannan Mansur shi ne ya aiko da rundunar 'yan bindiga ta ƙetare Sahara ta karya daular Sangai cikin 1591. Da Tambutu da Gawo suka rikice, sai ayarori suka ƙara karkatowa gabas, ta hanyar Agadas, Katsina kuwa ita ce ƙofar ƙasar Hausa daga wannan gefe. Faɗuwar wani, tashin wani.

To, bari mu shiga birnin. Da Bature Barth ya zo cikin 1851, ya kimanta kewayen ganuwar ya kai mil 13 ko fiye. Ya ce ko da rabin filin kaɗai aka zauna, to a zamanin ƙarfinta Katsina ta ɗauki mutum 100,000, ko da ya ke shi 7,000 zuwa 8,000 ya tarar. Landan kuwa cikin 1600 mutanenta wajen 200,000 ne, amma a cunkushe su ke cikin gidajen katako masu hawa-hawa. Mu namu magina ganuwa da gangan suka kewaye gonaki da kududdufai da makiyaya, don in abokan gaba sun yi wa gari zobe a sami abin ci, mutanen ƙauye kuma su sami wurin fakewa da dabbobinsu. Sunayen ƙofofi su da kansu suna faɗin waɗanda ke da ƙarfi a ƙasar: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar 'Yanɗaka, duk sunayen sarautu ne. Unguwanni kuwa asali da sana'a suka bi. Mutanen Malle na da Tudun Malle, Larabawan Gadamus da na Tuwat na da nasu masauki, malamai na Masanawa da Gambarawa, masu rini na Marina.

Daga arewa raƙuma ke kawo takarda, da alharini, da takubba, da dawaki, da duwatsun ado, Buzaye su kawo kantun gishiri daga Bilma. Daga Gwanja fatake ke ɗauko goro a kan jakuna, tafiyar watanni. Abin da ke fita shi ne tufafin saƙi, da baƙin rini, da fatu, da bayi. Fatun nan sun isa a tsaya a kansu. Fatar jar akuya ce, irin wadda har yau a ke kiwo a Maraɗi da Sakkwato, majema su jeme ta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi. Ta kan bi ayari ta ƙetare hamada, daga baya har ta riƙa isa Turai, su kuwa Turawa da ya ke daga tashoshin arewacin Afirka su ke sayenta, sai suka sa mata suna fatar Maroko, suka riƙa yi wa littattafansu masu tsada bango da ita. Majemin Katsina ya sha wari, Maroko ta ɗauki suna.

Kuɗin wuri bai zama ruwan dare ba sai farkon ƙarni na 18. Tarihin Kano ya ce zamanin Sarki Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Kafin nan da tufafi da gishiri da bayi a ke ƙulla babban ciniki. Taba kuwa kusan lokaci guda ta iso mu da su, daga Amurka. Sarki James na Ingila ya tsane ta har ya rubuta ɗan littafi cikin 1604 yana zaginta, malaman ƙasashenmu su ma suka yi ta muhawara, Shaihu Ahmad Baba na Tambutu ya ba da fatawa cewa ba haramun ba ce. Ba fushin sarki ba, ba gardamar malamai ba, babu wanda ya hana ta yaɗuwa, har tabar Katsina ta yi suna a kasuwannin nesa.

Maganar bayi kuwa kada mu ɓoye ta. Ana kai hari a kamo mutane, a sayar a kasuwa, waɗansu a tura su hamada, waɗansu a sa su noma a rinji. Barth ya ji labari cewa duk sabon Sarkin Katsina ya kan aika wa Mai na Barno da bayi 100 gaisuwa. Ingilishi su ma hannunsu dumu-dumu. John Hawkins ya fara kwasar mutane daga bakin tekun Afirka ta Yamma cikin 1562, cikin 1672 kuma Sarki Charles na Biyu ya ba wani kamfani izinin wannan ciniki. Babu mai yi wa wani gori.

Inda zaman ya bambanta ƙwarai shi ne wajen ƙasar noma, kuma a ganina nan ne gindin maganar. Ingila tsibiri ce, fili kaɗan, kowane taƙi da mai shi. Mai arziki shi ne mai ƙasa. Da cinikin ulu ya yi riba, sai manyan masu ƙasa suka riƙa shinge filayen da talakawa suka saba noma da kiwo a ciki, suka zuba tumaki. Waɗanda aka kora suka cika hanyoyi suna bara, hukuma ta riƙa yi musu bulala, har ta ga ba mafita ta kafa doka cikin 1601 cewa kowace gunduma ta tara kuɗi ta ciyar da matalautanta. A ƙasar Katsina kuwa fili ya yi yawa, mutane ne kaɗan. Mai arziki shi ne mai jama'a, watau 'ya'ya da barori da bayi da baƙin da suka zauna ƙarƙashinsa. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suna noma gandu tare, kowa kuma da ɗan gayaunansa. Saboda haka babban makamin talaka ƙafarsa ce. In hakimi ya matsa masa, sai ya bari a yi girbi, ya ɗaure kayansa da dare, gari na wayewa ya zama talakan wani. Sarki mai hankali ya san haka, shi ya sa ya kan yi sassauci. Mutanen Jibiya ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan, don zamanin mulkin Faransa mutane da yawa daga arewa sun tsallako wannan gefe gudun aikin tilas da haraji, yadda kakanninsu suka saba.

Sarki kuma ba shi kaɗai ke mulki ba. Akwai manya huɗu da a ke kira rukuni: Ƙaura shugaban mayaƙa, da Galadima, da 'Yanɗaka, da Durɓi magajin tsofaffin sarakuna. Su ke zaɓen sabon sarki daga cikin 'ya'yan sarauta, in kuwa suka haɗa kai suka juya wa sarki baya, to zamansa ya yi wuya. Akwai Iya, mace daga gidan sarauta, ita ke shugabancin 'yan bori da sha'anin mata, maganarta kuwa ba a wasa da ita a fada. Akwai labarin da tsofaffi ke bayarwa cewa a can dauri in sarki ya tsufa ko ciwo ya ka da shi, wani bafade mai suna Karya Giwa shi ke ƙarasa shi, a naɗe gawar cikin fatar baƙin sa. Wannan labarin baka ne. Na Ingila kuwa a rubuce ya ke. Sarki Charles na Farko ya ɗora wa jama'a harajin jiragen ruwa ba da yardar majalisa ba, wani mai ƙasa, John Hampden, ya ƙi biyan sule 20, aka kai shi gaban alƙalai. Rigima ta yi ta girma har ta zama yaƙin basasa cikin 1642, ran 30 ga Janairu 1649 aka fille wa sarki kai a bainar jama'a. Shekara 11 suka yi ba sarki, kāna suka kirawo ɗansa.

Daidai wannan lokaci mu ma yaƙi ya ishe mu. Kano da Katsina sun daɗe suna gwabzawa a kan wa zai riƙe bakin hanyar Sahara. Sarkin Kano Kutumbi ya kawo wa Katsina yaƙi, a wannan tafiya ya gamu da ajalinsa cikin 1648. Zamanin Sarkin Kano Shekarau, tsakanin 1649 da 1651, malamai suka shiga tsakani aka yi sulhu. Sulhun ya zo a kan kari, gama ba a daɗe ba Kwararrafa suka taso daga kudu suka auka wa biranen biyu. Katsinawa na cewa addu'ar Wali Ɗan Masani ce ta mai da su baya.

Wannan Ɗan Masani an haife shi 1595, ya rasu 1667. Yana ɗan shekara 21 Shakespeare, mai rubuta wasannin kwaikwayon nan na Ingila, ya mutu. Ya wallafa littattafai da Larabci, cikinsu har da sharhin Ishiriniya. Tare da shi a ke ambaton Wali Ɗan Marina, wanda ya yi wa Mai Ali na Barno waƙar yabo da ya ci Kwararrafa da yaƙi. Bayansu aka yi Muhammadu al-Kashnawi, gwanin lissafi da ilmin taurari da hatimi, wanda ya tafi hajji ya zauna Alƙahira yana karantarwa. A gidan Shaihu Hasanul Jabarti ya sauka, a can ya rasu cikin 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Barth da kansa ya shaida cewa a Katsina Hausa ta fi daɗi da cika, mutanenta kuma sun fi na sauran birane ladabi. Kanawa dai ba su taɓa yarda da wannan ba.

Kada ku zaci duk mutumin Ingila na wancan zamani mai karatu ne. Masana sun ƙidaya sa hannun mutane a takardun rantsuwa na wajen 1640, suka ga cikin maza goma uku ne kaɗai ke iya rubuta sunansu, cikin mata goma kuwa ɗaya. Saura alama su ke yi, yadda namu ke dangwala yatsa. Sun yarda da mayu ƙwarai, har rataye tsofaffin mata su ke yi a kan zargin maita, ba a soke dokar ba sai 1736. Abu biyu ne suka fi mu da su. Na ɗaya injin buga littafi, wanda Caxton ya kafa tun 1476. Malaminmu kuwa da alƙalamin kara zai kwafe littafi, a kan takardar da ta ƙetaro hamada daga Italiya, wata da watanni kafin ya gama guda. Na biyu rajista. Cikin 1538 aka ba da umurni kowace majami'a ta ajiye littafi, a riƙa rubuta duk jaririn da aka yi wa baftisma, da duk aure, da duk jana'iza. Duk wanda ya taɓa riƙon littafin haraji ko na kotu ya san aikin nan ba daɗi gare shi ba, amma dubi amfaninsa. Saboda irin wannan lissafi aka san annobar 1665 ta kashe fiye da mutum 68,000 a Landan bisa ga abin da aka rubuta, gobarar 1666 kuma ta cinye gida fiye da 13,000. Baturen ƙauye yau ya kan bi littattafan nan ya gano sunan kakansa na goma, ko da makiyayin tumaki ne. Mu kuwa abin da ya rage mana jerin sunayen sarakuna ne, da littattafan malamai, da kirari a bakin maroƙa. Majemin da ya jeme fatar nan, da matar da ta kaɗa zaren rigar Korau, sun tafi da sunayensu. Abin da aka rubuta ɗin ma, gara ta ci wani, gobara ta ci wani, wani kuma ya salwanta a yaƙin da aka yi a 'Yandoto farkon jihadi.

Ƙarshen ƙarni na 18 yaƙe-yaƙe da Gobir suka gajiyar da Katsina, kuɗin yaƙi kuwa a wuyan talaka ya kan faɗa. Cikin Kitabul Farƙi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa abubuwan da ya ga zalunci ne a mulkin sarakunan Hausa, ya kira su da sunayensu na Hausa: jangali, da kuɗin gari, da gaisuwa, da tawasa da a ke karɓa wurin mahauta, da kamuwa, watau ƙwace dabbar mutum don ɗaukar kayan sarki. Aka fara jihadi 1804, cikin 1807 Malam Ummarun Dallaje da abokansa suka ci birnin. Sarki Magajin Halidu ya gudu Dankama, da aka ci su a can ya faɗa rijiya. Sauran jama'arsa suka naɗa Ɗan Kasawa, suka yi zaman gudun hijira a ƙasar Damagaram, wajen 1819 suka karɓe Maraɗi suka kafa sabon gida a bakin gulbin nan da ya ratsa ta Jibiya. Daga nan har ƙarshen ƙarnin ba a huta ba. Maraɗawa su kawo hari, musamman zamanin Ɗan Baskore, Katsinawan birni su rama, ƙasar da ke tsakani ta koma daji, ciniki kuma ya tattara ya koma Kano.

Jikokin waɗanda suka karanta labarin Katsina a Landan cikin 1600 ba su iso da tuta ba sai 1903, da Lugga ya shigo birnin. Iyakar kuwa a teburin Turai aka yanka ta. Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya 1890, suka sake 1898, da 1904, da 1906, Faransa na neman hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Tsakanin 1906 da 1908 Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi daji suna kafa alamu, tun daga Kwara har Tafkin Chadi. Gajere, takobin Korau, ya zauna a fadar Katsina hannun sarakunan Fulani. Tsarin rukuni huɗu da sarautar Iya kuwa suka zauna Maraɗi, mai son ganin yadda fadar Haɓe ta ke sai ya nuna takardarsa a Magama ya wuce. Sai dai ba zai ga tsohon garin Ɗan Kasawa ba, gama cikin 1945 gulbi ya cika ya ci shi, aka tashi mutane aka mai da su kan tudu.